Daga Rawanin Soro Zuwa Bututun Kakuri

Duk wanda ya yi damina a Kakuri ko Barnawa ya san hadarin farko. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta turnuƙe, kafin ɗigon farko ya sauka iska ta gama ɓarnarta. Da safe sai a tarar da kwanon wani a tsakar gidan maƙwabci, da katakonsa da ƙusoshinsa.

Maginan dauri da ruwa suke yaƙi, iska ba ta cika damunsu ba. Soron ƙasa nauyi gare shi: a jera azara, a daɓe, a ɗaga rawani ya kewaye rufin, iska ta rasa bakin da za ta kama. Kwano kuwa Turawa ne suka zo da shi, layin dogon da ya ratsa Kaduna a 1911 ya yi dakonsa, kuma da hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa nan a 1917 sai ya soma mamaye gari. Yana jure ruwa, amma shafal yake. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, iska zuƙo rufi take yi sama, in kuma ta sami taga a buɗe ta shiga ɗaki ta tallabo shi ta ƙasa. Shi ya sa kafinta na ƙwarai ba ya yarda da ƙusa kaɗai, sai ya ɗaure katako da langa-langa ko rodin da aka binne a bango.

Tsawo kuwa masana'antu ne suka kawo shi kudancin kogin Kaduna. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, Peugeot ya zo a 1975, matatar mai ta kan hanyar Kachiya a 1980. Benayen ofis suka fi yawa a arewacin kogin, nan kuma bututun hayaƙi da tankunan ruwa suka miƙe, sai turakun sadarwa bayan zuwan salula a 2001.

A can sama lissafi daban ne. Iska ta fi gudu, kuma in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninki huɗu yake yi. Bututu ma wata matsalar gare shi. Iska in ta same shi sai ta rabe, ta riƙa sakin 'yan guguwa a bayansa, dama, hagu, dama, hagu, shi kuma ya kama rangaji har ƙarfe ya gaji ya tsage. A shekarar da KTL ta buɗe, wani masani a Ingila, Christopher Scruton, da abokin aikinsa suka fito da magani mai ban sha'awa don sauƙinsa: a naɗa wa saman bututun faifan ƙarfe a murɗe, kamar yadda tsiron doya ke hawa sanda, guguwar ta wargaje kafin ta haɗu. Duk da haka iska ba ta gama koyar da magina ba. A 1965 ta kayar da uku daga cikin hasumiyoyi takwas na tashar lantarki ta Ferrybridge a can Ingila, don na gaba sun matse ta sun watsa wa na baya. Yau a benen Taipei 101 an rataye dunƙulen ƙarfe mai tan 660 can sama, bene ya karkata nan, dunƙulen ya riƙe shi.

Abin da ke faranta mini rai, rawani ya dawo. A Barnawa da Narayi za ka ga sabon gida an ɗora bulo ya ɓoye kwanon, dabarar kakanni cikin siminti. Abin da ke damuna kuma shi ne yayin dogon rufi mai tsini, wanda wani lokaci ya fi bangon da ke ɗauke da shi tsawo, a kan siririn katako, babu ɗauri, bishiyoyin da a da suke tare gabas kuma an sare su an yanka filoti. Watan Afrilu na zuwa irin waɗannan gidajen nake fara dubawa.