Riga mai lamba 6

Jama'a, da an ambaci wasan zari-ruga, hoton 1995 ake ɗauko mana: Mandela a filin Ellis Park na Johannesburg, sanye da koriyar rigar Springboks mai lamba 6, yana miƙa wa Francois Pienaar kofin duniya bayan Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da ci 15-12. Rigar nan fa, a zamanin wariyar launin fata, baƙaƙen ƙasar ko ganinta ba sa son yi. Da yawansu baƙin da suka zo karawa suke mara wa baya.

Ni dai a ganina an cika zuzuta ranar. Chester Williams kaɗai ne ba farar fata ba a tawagar. Sai 2018 baƙar fata ya zama kyaftin, wato Siya Kolisi. Shekara 23 ke nan! Shi ɗin ma, yaron unguwar talakawa ta Zwide, da bai samu tallafin karatu zuwa makarantar Grey High ba, da wuya a san shi, don filaye da masu horarwa na can makarantun masu hali.

Kolisi ya ɗaga kofin a Japan a 2019, ya maimaita a Faransa a 2023, duka biyun da lamba 6 a bayansa.