Malimbus (mujalla)

Malimbus mujalla ce ta kimiyya da ke wallafa bincike a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma. Ƙungiyar masana tsuntsaye ta yankin ce ke fitar da ita, wato West African Ornithological Society da Turanci, ko Société d'Ornithologie de l'Ouest Africain da Faransanci. An fara buga ta a shekarar 1979, tana fitowa sau biyu a shekara, kuma tana karɓar rubutu da Turanci ko Faransanci. Ta gaji wata ƙaramar mujalla da aka kafa a Najeriya a 1964. Kamar yawancin mujallun nazarin halittu da ƙungiyoyi ke fitarwa, 'yan sa-kai ne ke ɗauke da aikinta, tun daga edita har zuwa masu tantance rubutu. Da yawa daga cikin abin da aka sani a rubuce game da tsuntsayen wurare irin su Kano, Zariya, Yankari da Jamhuriyar Nijar ya fara bayyana ne a shafukanta ko na mujallar da ta gada.

Asalin suna

An samo sunan mujallar daga Malimbus, sunan kimiyya na wani rukunin tsuntsaye masu saƙa sheƙa da ke zaune a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Galibinsu baƙaƙe ne masu ja a kai ko a ƙirji. Masanin Faransa Louis Vieillot ne ya raɗa wa rukunin wannan suna a 1805, daga sunan wani gari da ke gaɓar teku a yankin Kabinda na ƙasar Angola ta yau. Ɗaya daga cikin jinsunan rukunin, Malimbus ibadanensis, ba a samun sa ko'ina a duniya sai a kudu maso yammacin Najeriya, kuma yana cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa. John Elgood ne ya fara bayyana shi ga masana a 1958.

Tarihi

A shekarar 1964 wasu Turawan Birtaniya uku da ke aiki a Najeriya suka jagoranci kafa ƙungiya mai suna Nigerian Ornithologists' Society. Su ne John Elgood, malamin ilimin dabbobi a Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Robert Sharland wanda ya daɗe yana zaune a Kano. Ƙungiyar ta riƙa fitar da ƙaramar mujalla, Bulletin of the Nigerian Ornithologists' Society, daga 1964 zuwa 1978. A cikinta ne Fry ya buga jerin tsuntsayen Zariya kashi-kashi a 1965. Sharland kuma ya riƙa kawo rahoton shekara-shekara na tsuntsayen da aka kama aka sanya wa zobe a ƙafa, domin gano inda suke zuwa idan sun yi ƙaura.

Tsuntsaye ba su san iyakar ƙasa ba, kuma masu nazarinsu a ƙasashe rainon Faransa suna buƙatar wurin buga aikinsu. Wannan ya sa a ƙarshen shekarun 1970 aka faɗaɗa ƙungiyar ta koma ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, aka kuma sauya wa mujallar suna. Kundi na 1 na Malimbus ya fito a 1979. Gérard Morel, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana bincike a Richard-Toll ta ƙasar Senegal, yana cikin waɗanda suka shugabanci ƙungiyar, Alan Tye kuma ya riƙe aikin edita na tsawon shekaru.

Abin da take bugawa

Yankin da mujallar ke kula da shi ya tashi daga Muritaniya da tsibiran Cape Verde a yamma, ya bi ta Mali, Nijar da Najeriya, har zuwa Chadi, Kamaru, Gabon da yankin kogin Kongo. Abubuwan da ke cikinta sun kasu kamar haka: dogayen maƙalu, waɗanda da yawansu jerin tsuntsayen wata ƙasa ne ko wani daji, gajerun rahotanni, kamar ganin wani tsuntsu a karon farko a wata ƙasa, ko bayanin sheƙa, ƙwai, abinci ko kuka, sharhin sababbin littattafai, sai wasiƙu da sanarwar ƙungiya.

Yadda ake haɗa kundin shekara

Fitowa biyu na kowace shekara su ne ke haɗuwa su zama kundi ɗaya, kuma lambar shafi tana ci gaba daga fitowa ta farko zuwa ta biyu ba tare da an koma shafi na 1 ba. Saboda haka lambar kundi tana tafiya da shekara: kundi na 3 na 1981 ne, na 10 kuma na 1988. Aikin kundi ɗaya yakan fara tun kafin shekarar da ke rubuce a bangonsa.

Tattara bayanai a daji

Lokutan shekara ne ke tsara aikin marubuta. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da Asiya suna isowa yankin Sahel wajen watannin Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Wasu kuma a cikin Afirka suke kai-komo suna bin ruwan sama, kamar shamuwa da ke isowa ƙasar Hausa dab da faɗuwar damina. A watan Janairu ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ta haɗa da wurare irin su fadamar Haɗejiya da Nguru. Wanda ke son rubuta jerin tsuntsayen wani wuri yana buƙatar ya zagayo rani da damina aƙalla sau ɗaya, domin wanda ya ziyarci daji da hunturu kaɗai ba zai ga baƙin damina ba. A kowace fita yakan rubuta rana, wuri, adadi da abin da tsuntsun ke yi, ya haɗa da hoto ko naɗaɗɗen kuka idan ya samu.

Karɓa da tantancewa

Idan rubutu ya iso, edita yakan duba ko ya dace da mujallar, sannan ya aika wa masana da suka san yankin ko irin tsuntsayen da ake magana a kai. Babban abin da suke dubawa shi ne hujja. Idan marubuci ya ce ya ga tsuntsun da ba a taɓa gani a wata ƙasa ba, za a tambaye shi siffofin da ya gani, tazarar da ke tsakaninsu, yanayin haske, da kuma yadda ya bambanta shi da masu kama da shi. Ana kuma bin tsofaffin rubuce-rubuce a tabbatar ba a riga shi ba da rahoton ba. Dalilin wannan tsanani shi ne kuskure idan ya shiga bugu yana da wuyar fita: littattafan gane tsuntsaye da taswirori za su kwafe shi, wasu su kwafa daga wurinsu.

Daga nan rubutun yakan koma wa mai shi domin gyara, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Maƙalun Malimbus suna ɗauke da ranar da aka karɓe su da ranar da aka dawo da gyararren rubutu, kuma tazarar kan kai watanni da yawa.

Daidaita ma'auni

Kalmomi irin su "da yawa" ko "kaɗan" ba su da amfani ga mai bincike idan kowa da abin da yake nufi da su. A 1995 Morel da Tye suka buga ƙa'idojin rubuta jerin tsuntsaye a kundi na 17, tare da ma'aunin yawa da marubuta ke bi:

- mai yawa ƙwarai: ana iya gani ko jin fiye da 100 a rana a muhallin da ya dace da shi;
- mai yawa: 11 zuwa 100 a rana;
- gama-gari: 1 zuwa 10 a rana;
- wanda ake yawan gani, amma ba kullum ba;
- wanda ba a cika gani ba: 'yan lokuta a shekara;
- mai wuyar gani: sau ɗaya a cikin shekaru, ga tsuntsun da ke zaune a wurin;
- ɓataccen baƙo: sau ɗaya a cikin shekaru, ga wanda ba mazaunin wurin ba ne.

Ana kuma buƙatar taswira ko jerin sunayen wurare da lambobinsu na taswira, saboda ƙauyuka da yawa suna da suna iri ɗaya, wasu kuma rubutun sunansu ya bambanta tsakanin Turanci da Faransanci.

Harshe da sunaye

Maƙalar da aka rubuta da Turanci tana zuwa da taƙaitawa da Faransanci, wadda aka rubuta da Faransanci kuma da taƙaitawa da Turanci. Ta haka mai karatu a Maraɗi zai san abin da aka gano a Katsina, ko da yake harshen makarantarsu ya bambanta. Kowane tsuntsu ana kiran sa da sunansa na kimiyya mai kalmomi biyu, domin sunayen yau da kullum ba su cika dacewa da rabe-raben masana ba. A Hausa, alal misali, kalmar kurciya tana ɗaukar jinsuna da dama da masana suka raba, haka ma ungulu da zalɓe. Sunayen kimiyya su ma suna sauyawa idan bincike ya raba jinsi ɗaya gida biyu ko ya haɗe biyu, don haka edita yakan tabbatar duk maƙalun sun bi tsari ɗaya, galibi na wani sanannen littafi kamar Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fara fitowa a 2001.

Bugu da rarrabawa

Bayan an amince da maƙalu, sai a jera su gwargwadon shafukan da fitowar za ta iya ɗauka, a tsara jadawali da hotuna, a aika wa marubuta samfurin shafukansu su yi dubawar ƙarshe. A wannan mataki ake kama kurakuran lamba da na rubutun sunan kimiyya. Kuɗin bugu da na aikawa ta gidan waya yana fitowa ne musamman daga kuɗin da mambobi ke biya duk shekara, shi ya sa aikin ma'aji da na mai kula da rajistar mambobi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na edita. An ɗora tsofaffin fitowar mujallar a intanet, inda ake karanta su kyauta.

Wasu fitattun maƙalu

A kundi na 1 da na 2 John Newby ya buga jerin tsuntsayen gandun Ouadi Rimé da Ouadi Achim na ƙasar Chadi, Bruno Lamarche kuma ya buga na ƙasar Mali a 1980 da 1981. A 1981 Sharland da Roger Wilkinson suka fitar da jerin tsuntsayen Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. A shekarar ce kuma Humphrey Crick da P. J. Marshall suka buga na dajin Yankari. Jean-Marc Thiollay ya rubuta na ƙasar Kwaddibuwa a 1985. A 1987 aka buga na arewacin duwatsun Azbin. A 1988 Patrick Giraudoux da abokan aikinsa suka fitar da cikakken bayanin tsuntsayen Nijar da Faransanci, mai shafi 140.

Muhimmanci

Amfanin irin waɗannan jeri yana ƙaruwa ne da tsufansu. Ba a iya cewa wani tsuntsu ya ragu sai an san yadda yawansa yake a da, a wane wuri, a wace shekara. Ungulun cikin gari, Necrosyrtes monachus, misali ne. A da ana ganin ta a mahauta da kasuwannin arewacin Najeriya ba adadi, amma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sanya ta cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa. Gauraka ma ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Dattawa suna tuna yadda abin yake, amma hukumomi da masu tsara dokar kariya suna neman rubutacciyar shaida mai rana da wuri. Haka nan manyan littattafai, kamar jerin tsuntsayen Najeriya na Elgood da ya fito a 1982 aka sabunta shi a 1994, sun dogara sosai ga rahotannin da aka fara tacewa a mujallar.

Ƙalubale

A shekarun farko yawancin marubutan Turawa ne mazauna yankin ko masu ziyara, kuma idan suka koma gida wuraren da suke lura da su kan zauna ba mai rubuta komai a kansu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta horar da ɗalibai 'yan Afirka da dama a wannan fanni. Rashin tsaro a yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Sahel ya hana masu bincike shiga wuraren da aka saba ƙidaya. Akwai kuma ƙarancin masu tantancewa, tunda masana yankin ba su da yawa kuma aikin ba na albashi ba ne. A yau mutane da dama suna ɗora abin da suka gani kai tsaye a manhajoji irin su eBird, ko a shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015. Waɗannan suna tara bayanai da sauri, amma ba su ɗauke buƙatar maƙalar da ta bi bayanan ta tace su, ta gwada su da na baya, ta kuma yi bayanin abin da suke nufi ba.

Makamantan mujallu

The Nigerian Field, wadda ƙungiyar Nigerian Field Society ta fara bugawa a 1931, tana haɗa dabbobi, tsirrai da al'adu. Ostrich ta Afirka ta Kudu ta fara a 1930, Scopus ta Gabashin Afirka a 1977, mujallar ƙungiyar African Bird Club kuma a 1994.