Faɗan Dandali Ba Ya Bin Mutum Gida

Teyatur ɗin da muka taso muka tarar a ƙasar Ƙonni ba shi da takarda. Tushensa wasannin gargajiya ne irin wasan kara da Damagaram ta yi suna a kai, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su kwaikwayi manya, manyan na zaune suna dariya. Da Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, sai wasan ya samu gida. Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela ƙungiyoyi suka tashi, kowa na neman a kai shi bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976. A rediyo da talabijin kuma muna bin su Yazi Dogo muna ɗaukar darasi.

Rashin takardar shi ne daɗin wasan, shi ne kuma haɗarinsa. Mai tsara wasa zai zaunar da mu ya ba da labarin a dunƙule: kai ne ɗan duwan, kai ne ɗan fasa-ƙwauri, an kama ka da kaya a hanyar iyaka, a ƙarshe za ka sha kunya. Sauran magana duk daga bakinka za ta fito. To wasa ba ya ɗaukar 'yan kallo sai da rigima, mai neman tafi kuwa yakan wuce gona da iri.

Akwai daren gwajin da har yanzu 'yan ƙungiyarmu ke tunawa. Ɗan duwan ya riƙe wuyan rigar ɗan fasa-ƙwauri, ana ta dariya, sai ya ce masa, "Kai da ko kuɗin mai shago ba ka biya ba!" Bashin na gaske ne, kowa a wurin ya sani. Dariya ta ɗauke. Mai tsara wasa ya tafa hannu ya ce, "Tsaya nan, malam. Wannan ba a labarin yake ba. Ka zagi ɗan fasa-ƙwauri yadda ka ga dama, amma ka bar mini ɗan'uwanka." Sai da aka ba da haƙuri a gaban kowa kafin a ci gaba.

Irin waɗannan darare suka haifi dokokinmu, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Ana sanin wanda zai faɗi tun kafin a hau dandali, don kada a yi kokawar gaske a gaban jama'a. Ba a taɓa uwar mutum, ko bashinsa, ko wata nakasa da Allah ya yi masa. Mari ba ya sauka sai wanda za a mara ya yarda tun a gwaji. Rawar mugu kuma ana juya ta, domin idan mutum ya daɗe yana fitowa azzalumi, yara za su bi shi da sunan har kasuwar Laraba. Masu dabara cikin shugabanninmu sukan ba taubasai rawar abokan gaba, ko su haɗa Bagobiri da Bazabarme, tunda zagin abokin wasa ba ya kama jiki. Wannan al'adar ce UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014.

Bayan rasuwar Kountché a 1987 da taron ƙasa na 1991, samariya ta watse, kaset ɗin finafinan Kano ya cika gari, ƙungiyoyi da yawa suka mutu. Amma sha'awar zama wani mutum na ɗan lokaci ba ta mutu ba, ta koma cikin waya, inda ake yin wasan a rubuce: wannan sarki, wancan waziri, kowa na tura abin da nasa ya ce.

Masu irin wannan wasa na rubutu ma sun yi karo da abin da muka yi karo da shi. Tun 1978 Roy Trubshaw, sannan Richard Bartle, suka gina wasan kwamfuta na MUD a Jami'ar Essex ta Ingila. A 1993, a wasan LambdaMOO na Amurka, wani ɗan wasa ya riƙa rubuta ayyukan ƙazanta da sunan wasu ba da yardarsu ba. Aka share shi daga wasan, daga baya aka kafa tsarin koke da ƙuri'a. Dokar da ta zama ruwan dare a irin waɗannan wasanni ita ce tamu ta mari: ka rubuta cewa ka kai duka, mai jikin ne zai ce ya same shi ko ya kauce.

Abin da mai waya ya rasa shi ne fuska. Mu muna ganin idon mutum ya kaɗa mu ja baya, shi kuwa rubutu kawai yake gani. Don haka mai kula da zauren wasan sai ya riƙa tambaya tun da wuri: da bakin waziri kake magana, ko da bakinka?