Sanyin Hunturu da Sanyin Lokacin Fure: Sake Nazarin Taswirar Shiyyoyi a Lambunan Gida na Arewacin Amurka da Kanada

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa itatuwan marmari ke tsallake hunturu lafiya a lambunan gida na yankuna masu tsananin sanyi, amma shekara ta juyo ba a tsinki komai ba. Nazarin ya gano cewa 'yan dararen Afrilu da Mayu sun fi hunturu kansa yanke hukunci kan amfanin lambu, kuma ya kamata a auna bambancin tsirrai da lokacin furensu, har da furannin ado.

Gabatarwa da Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Mai lambu a Minesota ko Manitoba, idan ya je sayen dashe, abin da zai fara dubawa shi ne lambar shiyya da ke jikin takardar itacen. A Amurka, lambar ta fito ne daga taswirar da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fara fitarwa a 1960, aka sabunta ta a 1990 da 2012 da 2023. Ma'auni ɗaya tak aka gina ta a kai, wato matsakaicin sanyi mafi tsanani da wuri ke samu a shekara. Shiyya ta 3, alal misali, ta kama daga digiri 40 zuwa kusan 34 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos.

Taswirar ba ta yi ƙarya ba. Jayayyar wannan maƙala tana tare da littattafan lambu da masu sayar da dashe da suka ɗora mata nauyin da ba nata ba, suka sa mai saye ya ɗauka dacewar lamba tabbacin 'ya'ya ce. Tambaya ɗaya taswirar ke amsawa: shin itacen zai rayu zuwa ƙarshen hunturu? Masana Kanada sun lura da wannan giɓi tun 1967, lokacin da Ouellet da Sherk suka tsara tasu taswirar da ma'aunai bakwai, ciki har da kaurin dusar ƙanƙara, ƙarfin iska da tsawon kwanakin da ruwa ba ya daskarewa. Tasu ta fi kusa da gaskiyar lambu, sai dai ita ma rayuwar itace take aunawa, ba ta kai ga fure ba.

Hanyar Bincike

An kwatanta bayanai iri uku da aka riga aka wallafa: iyakokin shiyyoyi, jadawalin sanyin da ke kashe fure wanda jami'o'in noma na Amurka ke rarraba wa manoma, da halayen irin da cibiyoyin Minesota da Saskacewan suka fitar.

Sakamakon Bincike

Abu mafi muhimmanci da ya bayyana shi ne tazarar da ke tsakanin juriyar itace ɗaya a watanni biyu. A Janairu, tufa irin ta arewa tana barci, ruwan da ke cikin wasu ƙwayoyin itacenta yana iya zama bai daskare ba har zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifiri, kamar yadda binciken Jami'ar Minesota ya nuna a shekarun 1970. A Mayu kuwa, idan furen ya buɗe sosai, rabin sa'a a digiri 2.2 ƙasa da sifiri yana kashe kusan kashi 10 cikin ɗari, digiri 3.9 kuma yana kashe kashi 90. Itacen bai canja ba, wurin bai canja ba, amma juriyar ta faɗi da fiye da digiri talatin. Babu inda lambar shiyya ta nuna haka.

Abin da ya faru a Mishigan a 2012 ya isa hujja. Hunturun shekarar bai yi tsanani ba. A tsakiyar Maris zafi ya haura digiri 25 kwanaki a jere, itatuwa suka farka makonni kafin lokacinsu, sannan sanyin daskarewa ya dawo a Afrilu dare bayan dare. An yi asarar kusan kashi 90 na tufa da ceri mai tsami, a jihar da ke samar da mafi yawan wannan ceri a Amurka. Itatuwan suna cikin shiyyar da ta dace da su, kuma sun rayu. 'Ya'yan ne suka tafi.

Daga nan ne ma'anar bambancin tsirrai ke sauyawa. Lambu mai itatuwa iri takwas da duk ke fure a mako ɗaya, dare ɗaya ya isa ya share shi. Wanda ya jera furensa bisa lokaci ya raba haɗarin: afirkot da fulam su ne na gaba, kuma su suka fi shan kashi, tufa na biye, rasberi kuma ba ya fure sai Yuni lokacin da haɗarin ya wuce. Haskaf, wani ɗan kurmi mai shuɗayen 'ya'ya da asalinsa ya haɗa da Rasha da arewacin Japan, ya bi wata hanya dabam. Yana fure da wuri ƙwarai, amma furensa yana jure kusan digiri 7 ƙasa da sifiri. Jami'ar Saskacewan ta fitar da irinsa biyu, Borealis da Tundra, a 2007, bayan gajeren ceri Carmine Jewel da ta fitar a 1999. Wannan ceri yana da wata fa'idar: ba mai aure ba ne, a kan saiwarsa yake, don haka ko sanyi ya kashe samansa, tohon da zai fito daga ƙasa irinsa ne.

A nan furannin ado ke shigowa da aikin da ya wuce ƙawa, kuma abin takaici ne yadda ake ware su a babi dabam kamar ba ruwansu da 'ya'yan itace. Yawancin tufa ba ta barbarar kanta, tana bukatar garin furen wani iri. Ƙaramar tufar ado da ake shukawa don kyan furenta tana biyan wannan bukata. Haskaf ma sai an haɗa iri biyu. Sannan akwai batun mai ɗaukar garin. Ƙudan zuman amya ba ya son fita idan yanayi bai kai digiri goma sha wani abu ba, manyan ƙudajen daji masu gashi su ne ke aiki a safiyar sanyi. Sarauniyoyinsu na fitowa daga ƙasa da yunwa kafin tufa ta buɗe, kuma furen wilo da kurokus ne ke riƙe su a lambun har lokacin ya yi.

Wurin dasawa ma yana bin wannan ƙa'ida. An saba ba da shawarar a jingina itace mai rauni da bangon da ke kallon kudu domin ɗumi. Ga itacen da ke saurin fure, shawarar tana iya zama illa, domin ɗumin bangon yana tayar da shi da wuri. Gefen arewa, inda dusar ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, yana jinkirta furen 'yan kwanaki, kuma sau da yawa kwanakin nan ne ake bukata. Iska mai sanyi kuwa gangarowa take yi kamar ruwa, ta kwanta a kwari ko a gindin shinge, musamman a daren da sama ta washe babu iska.

Iyakokin Binciken

Dole a amince cewa ba a yi gwajin fili ba, kuma jadawalin sanyin fure an tsara shi ne don manyan gonaki, ba don ƙaramin lambu da gine-gine suka kewaye ba. Haka nan sakamakon bai shafi wurare irin su Jos da Mambila ba, inda matsalar mai tufa ita ce ƙarancin sa'o'in sanyin da itacen ke bukata kafin ya yi fure, abin da ya sa ake neman iri kamar Anna. Aikin da ya rage shi ne a ajiye ma'aunin zafi a sassa daban-daban na lambunan gida cikin Afrilu da Mayu, a riƙa rubuta ranar buɗewar furen kowane iri shekaru a jere.