Kwantacce: Tsakanin Hukuncin Malamai da Gwajin Fitsari

Ya mai karatu, idan ka tashi a Gandi ko Rabah, da wuya a ce ba ka taɓa jin an ce cikin wance ya kwanta ba. Wannan magana tana da tushe mai tsawo. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda Daular Usmaniyya ta yi hukunci da ita, sun yarda ciki yana iya kaiwa shekara huɗu ko biyar. A ganina rahama ce ta sa suka faɗaɗa haka, domin kada a raba yaro da ubansa ko a ɓata sunan bazawara bisa zato. Ko a shekarar 2002, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta wanke Safiya Husaini ta Tungar Tudu, kwantacce yana cikin hujjojin da lauyoyinta suka kafa.

Sai dai ilmin jiki ya bi tasa hanyar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta littattafai kan magani kuma ya rasu a Wurno a 1837, yana kan mulki lokacin da Karl Ernst von Baer ya fara ganin ƙwan haihuwa na dabba mai shayarwa a 1827. Kusan ƙarni guda bayan haka, Ogino a Japan da Knaus a Ostiriya suka gano cewa ƙwan mace yana fita kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba. Idan maniyyi ya riske shi, ya manne a mahaifa, jini ya ɗauke, ciki ya yi mako 40 ko kusa da haka. Jariri ba ya tsayawa da girma shekara guda sannan ya farka.

To me ke faruwa da matar da al'adarta ta ɗauke wata takwas, ba motsi, ba naƙuda? Wani lokacin shayarwa ce, ko rama, ko shekarun daina haila sun gabato. Amma yana iya zama ƙari a mahaifa, ko ɗan tayi ya mutu bai fita ba, wanda kan jawo zubar jini da zazzaɓi mai haɗari. Irin waɗannan matan suna zuwa wurinmu neman maganin tayar da ciki, bayan an sha jiƙe-jiƙe har an gaji. Babu wannan magani a kan kantarmu.

Abin da muke da shi shi ne tsinken gwajin fitsari, wanda cikin 'yan mintuna zai nuna ko akwai ciki. Daga nan sai a kai ta hoton ciki a asibiti. Maigida, kai ne za ka kai ta, kada ka jira sai jini ya ɓalle.