Maɗoran Gure da ƙarar da gaɓa ke yi

A watan Disamba na 1852, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a Gure kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, garin shi ne mazaunin Muniyoma Koso, sarkin ƙasar Muniyo. Ƙasa ce ta dawaki da raƙuma da fataken kanwa da gishiri. Inda ake hawa ana faɗuwa kuwa, ba a rasa maɗori.

Ɗori sana'ar gado ce. Yaro yana koyonta ne ta riƙe wa mahaifinsa ƙafar mai karaya. Maɗori zai lalubi wurin da yatsa, ya rarrabe karaya da targaɗe da gocewa, ya ja, ya daidaita, ya jera karan dawa ko tsagin itace, ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. A wurare da dama na Afirka ta Yamma har ƙafar kaza ake karyawa a ɗora tare da ta majinyaci, wai ranar da ta taka shi ma zai taka. Kaza dai takan warke cikin 'yan makonni. Ƙashin cinyar babban mutum yana cin wata uku ko fiye.

Yau samari na kallon bidiyo a Facebook da TikTok, inda wani mai farar riga ke murɗe wuyan mutum har ya yi ƙas, sai su ce ga ɗorin Turawa. Ba ɗori ba ne. Kairofiraktik ke nan, kuma ɗori ya girme shi nesa ba kusa ba. A 1895 Daniel David Palmer, wani mai magani a garin Davenport na Amurka, ya ce ya danna bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da Palmer yake aiki a ciki, kurumtar mutumin ta tafi. Daga nan ya yi iƙirarin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 saboda yin magani ba lasisi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi ta yaƙar sana'ar, har wata kotu a Chicago ta yanke hukunci a 1987 cewa ƙungiyar ta wuce gona da iri. Hukuncin bai gaskata Palmer ba. Abin da bincike ya nuna shi ne dannawar na ɗan sauƙaƙa ciwon ƙugu. Ba ta maganin asma ko hawan jini.

Ƙarar fa? Ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton gaɓar yatsa da na'urar MRI ana jan ta, suka ga kumfar iska ce ke buɗewa cikin ruwan gaɓa.

Idan aka koma ga ɗori, camfin da ya fi tsada a yankin Gure da Zinder shi ne wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Maɗori gwani yana haɗa karaya mai sauƙi, wannan ba a musu. Matsalar tana wajen ɗaurin da ya matse jijiyar jini, da karayar da ƙashi ya huda fata, irin wadda haɗarin kabu-kabu ke kawowa tun da babur ya karɓi aikin doki. Yatsu su kumbura, su yi sanyi, su soma baƙi, dangi na cewa a ƙara haƙuri. Kafin a kai mai karayar asibitin Gure, daga can a tura shi babban asibitin Zinder, tafiyar fiye da kilomita 150 kan hanyar RN1, nama ya ruɓe, likita ba shi da zaɓi sai yankewa. Labarin da ke komawa ƙauye shi ne an kai shi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya.