Zalika Souley: Tauraruwar da Ta Riga Zamaninta

A shekarar 1966, shekara shida da samun 'yancin kan Nijar, Moustapha Alassane ya shirya fim ɗin Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo daga Amurka ya raba wa abokansa kayan kaboyi. Cikin 'yan wasan har da wata budurwa haifaffiyar Yamai a 1947, wato Zalika Souley. Da wannan fim ta shiga sahun matan farko da suka riƙi wasan fim a matsayin sana'a a Afirka ta kudu da Sahara.

A wancan zamani babu manyan kamfanonin fim a Nijar. Masu shiryawa kan haɗa ɗan abin hannunsu da tallafin da ya samu, su ɗauki 'yan wasan da ba su yi makarantar sana'ar ba. A haka Zalika ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 1969, sannan a Le Wazzou polygame, wanda ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Sai dai ɗaukakar ta zo da tsada. Sau da yawa takan fito a matsayin mace mai zafin kishi ko mai zaman kanta, 'yan kallo kuwa ba su raba 'yar wasa da rawar da ta taka ba. Yabon da ta samu a waje, tsangwama ya zame mata a gida.

Bayan rasuwar Ganda a 1981, harkar fim a Nijar ta yi ta ja da baya. Da yake ba albashi ba fansho, da ayyuka suka ƙafe sai talauci ya yi mata sallama, har ta kai ga yin aikatau a ƙetare. Rahmatou Keïta ce ta adana wannan tarihi a fim ɗinta Al'lèèssi, kalmar da ke nufin ƙaddara.

Zalika ta rasu a 2021. Duk mai rubuta tarihin fim a Afirka ta Yamma dole ya ambace ta, kuma dole ya faɗi cewa sana'ar da ta taimaka wajen kafawa ba ta iya riƙe ta ba a lokacin da girma ya zo.